Shagon Taifin na Tudun Wada da Takardar Kwalbatinmu

Naira dubu uku na ware na naɗe a aljihun gaba, wasiƙa mai shafi uku da na rubuta da hannuna kuma tana cikin ambulan, na shiga mota daga Malam Sidi zuwa Gombe a makon farko na Janairun 2025. Abin da ya kai ni bai taka kara ya karya ba: a buga mini wasiƙar da kwamfuta, a yi kwafi biyar, in kai majalisar dokoki, in dawo gida kafin la'asar. Yau ga shi ana neman shekara, na je shagon nan sau bakwai, na kashe abin da ya ninka dubu ukun nan ba sau ɗaya ba, mun yi dariya da mai shagon, mun kuma yi sa-in-sa har ɗalibai suka tsaya kallo. Ina ganin na isa in faɗi yadda aikinsu yake.

Ni tsohon hedimasta ne, na ajiye alli bayan shekara 35. A ƙauye kuwa duk wanda ya taɓa riƙe alli shi ake miƙa wa biro, shi ya sa na zama magatakardan ƙungiyar ci gaban garinmu a ƙaramar hukumar Kwami. Damuwarmu guda ce, rafi. Da rani yaro ma tsallake shi yake yi, amma da Agusta ta kama sai ya raba mu da titi, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci uku. Buhunan masara da wake su yi ta jira a bakin gaɓa, mai naƙuda kuwa sai an jira ruwa ya ja a ɗora ta a amalanken shanu. Kwalbati kawai muke nema.

Shagon yana cikin jerin shagunan buga takardu da ke wajen jami'ar jiha a Tudun Wada. Ba zan kama suna ba, tunda ban nemi izinin mai shi ba, kuma akwai abin da zan faɗa da ba zai yi masa daɗi ba. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, benci biyu, kwamfuta uku, firinta biyu, sai ƙatuwar injin fotokwafi da ta cinye rabin ɗakin. Kwamfutocin suna kan sola, ita kuwa injin ba ta jin kira sai da wutar NEPA ko janareta. Mutum uku ke aiki: mai shagon, wanda zai yi hamsin da wani abu, da wata budurwa mai taifin, da yaro mai fotokwafi da bayindin. Wani ɗana da ke karatu a jami'ar ne ya nuna mini wurin, ya ce a nan suke buga furojet.

Na miƙa wa yarinyar wasiƙa, ta fara bugawa. Ba ta gama sakin layi na farko ba mai shagon ya leƙo ta bayanta, ya karanta kan takardar, ya sauke gilashinsa zuwa karan hanci.

"Malam, wannan wasiƙar yau za ku kai?"

Na ce insha Allahu.

"Kuna roƙon kakakin majalisa ya sa muku kwalbati a kasafin bana?"

Na ce haka ne.

"To ai kun kawo goro bayan an shafa fatiha. Gwamna ya sa hannu tun watan jiya. In kuna so mu buga, za mu buga, kuɗinku ne. Amma da ni ne ku, da na riƙe kuɗina."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa wasu rubutu, a gaban yara a ce masa ya makara. Amma ɗan kasuwar da zai hana kansa ciniki don ya gaya maka gaskiya, ya cancanci ka zauna ka ji ta bakinsa. Na zauna. Ashe ya yi shekaru yana aikin taifin a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata, tun zamanin tafireta da sitansil, kafin ya buɗe shagon. Ya ce shekara nawa yatsunsa na cikin takardun kasafi, har ya zama ko a mafarki yana iya jera matakan.

Ya jawo wata takardar da firinta ta ɓata, ya juya bayanta, ya ja dogon layi da jan biro, ya rubuta Janairu a wannan kai, Disamba a wancan. Takardar nan tana manne a bangon ɗakina yanzu, kuma ita ce mafi tsadar abin da na samo a shagon, ga shi ko sisi bai karɓa a kanta ba.

Ga yadda ya zana. Wajen tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi ke aika sakula ga sauran ma'aikatu da hukumomi, kowa ya kawo abin da yake so ya yi baɗi, tare da iyakar kuɗin da ba zai wuce ba. A nan, in ji shi, ake gini, kuma tun ran gini ran zane. Wanda ke son aikinsa ya shiga, a wannan lokacin ya kamata takardarsa ta kasance a teburin ma'aikatar da abin ya shafa. Daga nan ma'aikatu su je su kare abin da suka rubuta a gaban masu tsara kasafi, a kira taron jin ra'ayin jama'a, majalisar zartarwa ta amince, sannan gwamna ya ɗauki daftarin ya kai zauren majalisar dokoki kafin sabuwar shekara ta shiga. Wannan ranar ce muke ji a rediyo mu zaci an gama. Ashe a hannun 'yan majalisa ranar aka fara. Za a yi wa ƙudurin karatu na farko, wanda bai wuce ambaton sunansa ba. Karatu na biyu shi ne na muhawara, kowa ya tashi ya faɗi inda ya ga an kyauta da inda aka tauye. Sai a miƙa shi ga kwamitin kasafi, shi kuma ya rarraba wa sauran kwamitoci, na lafiya ya ɗauki na lafiya, na ayyuka ya ɗauki na ayyuka. Kwamishinoni da manyan sakatarori da daraktocinsu su yi ta zuwa da fayil-fayil suna kare kasafi. Kwamiti ya haɗa rahoto, zaure ya bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, akawun majalisa ya fitar da tsaftataccen kwafi, a kai wa gwamna ya rattaba hannu.

Na tambaye shi ko 'yan majalisa na iya taɓa wani abu, ko dai amin kawai suke cewa. Ya ce in dubi kasafin da aka sa wa hannu a lokacin. Gwamna Inuwa Yahaya ya gabatar da naira biliyan 320 da 'yan kai, abin da ya fito daga majalisa aka sa wa hannu kuwa ya kusa biliyan 370. Kusan biliyan 50 ke nan suka ƙaru tsakanin shiga da fita. "Ka ga kuwa, Hedimasta," daga ranar ya laƙaba mini sunan, "ƙofa biyu ce. Ta farko a ma'aikata, tsakiyar shekara. Ta biyu a kwamiti, ƙarshen shekara. Kai ka zo ta uku, ita kuwa bango ce."

Sai ya ce tunda na riga na biya kuɗin mota, kada in koma hannu rabbana, mu duba ko wani ya riga mu tunawa da rafin. Ya sauko da kasafin daga intanet. Ni a zatona littafin kasafi sai wane da wane ke ganinsa, kuma ya ce da haka ne, ana ɓoye shi a durowa kamar laya. Wani shiri na Bankin Duniya mai suna SFTAS, da aka fara a 2018, shi ya riƙa ba jihohi tukuici idan suka wallafa kasafinsu da rahoton yadda suka kashe kuɗi a inda kowa zai gani, daga nan abin ya zama jiki. Da na ga ɗaruruwan shafuka a fuskar kwamfuta, na ce a buga mini duka in tafi da shi in karanta a tsanake. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce a naira ɗari kowane shafi, sai na sayar da tunkiya, kuma kashi tara cikin goma ba ruwana da su. Ya danna wasu maɓallai biyu, wani ɗan akwati ya fito, ya rubuta sunan ƙaramar hukumarmu, kwamfuta ta riƙa tsalle daga layi zuwa layi duk inda sunan ya bayyana. Shafi 14 ya zaɓo ya buga mini, na biya naira 1,400.

Ya kuma koya mini karanta su, ya ɗora rula a kan layi yadda nake yi wa 'yan aji uku. Kasafi kashi biyu ne, na yau da kullum, wato albashi da kuɗin gudanarwa, da na manyan ayyuka. Namu yana cikin na biyun. Kowane layi yana da sunan aiki, da lambar ma'aikata, da lambar wurin da za a yi shi, sai ginshiƙan lambobi a dama. Ido yana gudu ne zuwa ginshiƙin ƙarshe, abin da aka ware bana. Shi kuwa ya danne wannan da yatsa, ya ce in fara duba na baya: nawa aka ware bara, nawa aka kashe a zahiri. Idan na ga an ware kuɗi bara, wurin kashewa babu komai, bana kuma an sake rubuta shi, to aikin yana raye a takarda ne kawai. Kasafi izini ne na kashewa, kuma hasashe ne na abin da ake sa ran zai shigo daga kason tarayya da harajin cikin gida da bashi. In kuɗin bai shigo ba, layin na nan kwance. Ya tuna mini da 2020, shekarar korona, da farashin mai ya faɗi har jihohi suka koma majalisunsu a tsakiyar shekara suka zaftare kasafin. Idan kuma kuɗi ya shigo fiye da zato, ko wata larura ta taso, sai gwamna ya kawo ƙwarya-ƙwaryan kasafi, shi ma ya bi ta zaure kamar uwarsa.

Sunan garinmu dai bai fito ba. Abin da muka gani su ne layukan da aka dunƙule, irin waɗanda ake rubuta wa "a faɗin jiha". Ya ce irin waɗannan kamar tuwon gayya ne, wanda ya zo da cokali shi ke ci, kuma cokalin shi ne takarda mai hujja a ofishin da ya dace.

Kafin in tafi na ce ya buga mini sassan kundin tsarin mulki na 1999 da suka shafi majalisar jiha. A gida na karanta su da fitilar sola, dare uku. Na ji kunyar kaina, domin na koyar da ilimin zaman jama'a shekara da shekaru ban taɓa buɗe wurin ba. A nan na gane dalilin da ya sa 'yan majalisarmu 24 ne: doka ta ce kujerun majalisar jiha su ninka na wakilan tarayya sau uku ko huɗu, kada su gaza 24, kada su wuce 40. Gombe na da kujeru 6 a majalisar wakilai, ka ninka sau huɗu ka gani. Kwami biyu ta samu, gabas da yamma. Bauchi, wadda aka cire mu daga cikinta a 1996, tana da 31. Dole majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma kashi ɗaya cikin uku ya isa a buɗe zama, wato a nan Gombe mutum takwas. Gwamna na da kwana 30 ya sa hannu a kan ƙuduri ko ya ce ya ƙi, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku suka sake amincewa, ya zama doka ko yana so ko ba ya so. Mutum 16 ke nan. Idan shekara ta shiga ba a gama kasafi ba, sashe na 122 ya ba gwamna damar ci gaba da kashewa gwargwadon na bara har tsawon wata shida. Sai kuma wani wuri da na ja wa layi biyu: babban mai binciken kuɗi na jiha, wato odita, majalisa yake kai wa rahotonsa, kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati kuma ya zauna a kansa. Ashe aikin ɗan majalisa a kan kasafi bai ƙare ranar da aka ɗauki hoton sa hannu ba. Mu kuwa abin da muke tambayarsa in ya zo gida bai wuce taki da kuɗin magani ba. Na faɗi haka a taron ƙungiya, wani dattijo ya ce to Malam, rahoton odita ake zuba wa masara? Aka yi dariya, na ja bakina.

Zuwana na biyu da na uku ba wani labari. Rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku na je karɓa, shafi biyu ko uku, minti goma na fito.

A zuwa na huɗu ne aka yi ta. Damina ta yi tsakiya, lokacin ƙofar farko ya yi. Wani ɗan garinmu injiniya ya auna rafin ya yi mana ƙiyasi kyauta, naira miliyan 18. Muka ɗauki hotuna da waya ranar da ruwa ya cika, muka tattara sa hannun mai gari da liman da shugabar mata da masu unguwanni. Mai shagon ya taimaka sosai wajen tsara takardar, ban da abin cewa a nan. Ya sa na yanke shafi ɗaya da rabi na kirari da godiya da na cika farkonta da su, ya ce wanda zai karanta yana da fayil arba'in a gabansa. Shafi ɗaya: ina ne wurin, mutum nawa abin ya shafa, me ake so, nawa zai ci. Hotuna da sa hannu su biyo baya. Ya ce a yi ta da Turanci, domin da shi ake gudanar da aikin majalisa sai fa in ita da kanta ta zartar da ƙarin wani harshe, amma a yi ta Hausa ma don in karanta wa mutanen da suka dangwala hannu.

Aka buga, aka ba ni in duba, na duba, aka yi kwafi goma, yaro ya yi musu bayindin da roba a gaba da shuɗin kwali a baya. Sun yi kyau, har na ji kamar kwalbatin ya ginu. Ina zaune a benci ina jiran canji, na buɗe ɗaya don in ƙara more wa idona, sai na ƙirga sifilai. Na sake ƙirgawa da yatsa. 180,000,000. Miliyan ɗari da tamanin, a kan rafin da akuya ke tsallakewa da rani. Da takardar nan ta isa teburin wani darakta, ko dai ya ɗauke mu mahaukata ko ɓarayi.

Na ce, "'Yata, zo ki ga aikinki."

Ta duba, ta dafe baki. "Wayyo Baba, wallahi hannuna ne ya zarce."

Mai shagon ya ce ai an ba ni na duba kafin a yi kwafi, kuma ƙa'idar shago ita ce da zarar mai takarda ya ce a buga, to kuskure ya koma wuyansa. Na ce ƙa'idar a ina aka rubuta ta? Ya nuna wata takarda a bango da kalandar bara ta rufe rabinta. Murya ta ɗaga, ni da shi. Daga ƙarshe wani malamin jami'a da ke jiran nasa aikin ya raba mu, aka sasanta a kan in biya takarda, shi ya ɗauki nauyin tona, wato tawadar injin, da sake bayindin. Gaskiya ina da nawa laifin, na karanta kalmomi na tsallake lambobi, ga yunwa ga tabarau da na baro a gida. Amma shagon da ya san takardun kuɗi kamar yunwar cikinsa, ya kamata a ce al'adarsa ce ya rubuta adadi da lamba kuma da kalmomi. Sai bayan rigimar aka ƙara "miliyan goma sha takwas" a gefe. Kuma ban ji daɗin yadda ya yi wa yarinyar faɗa a gaban jama'a ba, bayan ni ya gama cewa laifina ne.

Ta Hausar kuwa nata ciwon daban. Kwamfutocinsu ba a saita su da haruffa masu lanƙwasa ba. Inda na rubuta baƙi ba sa iya shigowa garin, sai ga baki ba sa iya shigowa. Ƙafa ta koma kafa, ɓarna ta koma barna. Da na yi magana yarinyar ta ce ai kowa haka yake rubutawa a waya, za a gane. Za a gane ɗin, amma ni da biro na bi kwafi uku ina ɗora wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gyaran littafin 'yan aji biyu. Shago a tsakiyar Gombe, kusa da jami'a, a ce ba ya iya buga ƙ da ɗ da ɓ, wannan ban yafe ba har yau.

Muka rarraba takardun: ma'aikatar da abin ya shafa, ofishin ɗan majalisarmu, ƙaramar hukuma, saura muka riƙe don taron jin ra'ayin jama'a. Shawararsa ce in riƙa tafiya da kwafi biyu duk inda zan kai, a karɓi ɗaya, a buga mini hatimi da kwanan wata a ɗayan. Ya ce takardar da ba ta da hatimi, ba a kawo ta ba. Shi ne kuma ya ce in je in ga zaman majalisa da idona ko sau ɗaya, in sa tufafin kirki in riƙe katin shaida. Na je. Na ga an shigo da sandar majalisa a kafaɗa, kakaki na biye, kowa ya miƙe. Aka yi addu'a, aka amince da bayanin zaman da ya gabata, shugaban masu rinjaye ya riƙa gabatar da abin da ke kan ajanda. Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin yanke magana, a ce masu goyon baya su amsa, su amsa, a ce masu ja su amsa, guduma ta sauka. Da na ba mai shagon labari ya ce ai girkin a kwamiti ake yinsa, zaure wurin rabon tuwo ne.

Zuwana na ƙarshe makon jiya ne, kasafin baɗi na hannun kwamitoci, na je ƙarin kwafi huɗu don ƙofa ta biyu. Duk mai shawara da ni, kada ya taka shagon nan a irin wannan lokaci sai dole. Tun daga bakin titi na hango babura. Masinjoji da ƙananan ma'aikata sun cika rumfar, kowa rungume da fayil, wannan kwafi talatin yake so kafin ƙarfe biyu domin ogansa zai shiga gaban kwamiti, wancan an canza masa lamba ɗaya a waya sai an sake buga shafi shida. Ba wuta, janareta na ta ruri, hayaƙinsa na shigowa rumfa ya haɗu da ƙurar hunturu. Fotokwafin da nake biya naira hamsin ya koma saba'in, wai kuɗin mai. Layi kuwa babu shi, wanda aikinsa ya fi kauri shi ne a gaba. Ɗalibai biyu suka gaji suka tafi. Ni da na zo ƙarfe goma ban karɓi kwafi huɗuna ba sai bayan azahar, mutumin da ke kirana Hedimasta ko ɗaga kai bai yi ba balle ya ce a sallami tsoho. Na san kaka ce, kowa na girbinsa, amma ko littafin rubuta sunan wanda ya riga zuwa ai ba zai gagara ba.

Aikin ma ya nuna gajiya. Tona ta yi sanyi, hoton rafin ya fito fari-fari kamar an ɗauke shi cikin hazo, ba ka bambance ruwa da yashi. Yaron bayindin, saboda sauri, ya huda wa wani ma'aikaci takardunsa har ramukan suka cinye ginshiƙin lambobin da ke gefen hagu, mutumin ya kusa kuka. Filashina kuma ya kwaso ƙwayar cuta daga kwamfutarsu, da na kai wa ɗana ya buɗe sai ya tarar fayilolin duk sun ɓuya, da ƙyar ya dawo da su. Tun daga nan ya ce in riƙa tura musu ta WhatsApp.

Abu ɗaya na gani a cikin hayaniyar nan da ya sa na huce. Ina tsaye kusa da tebur, idona ya faɗa kan wasu takardu da aka tara, na ga kan wata hukuma da jerin lambobi, na ɗan miƙa wuya, halin ɗan Adam. Mai shagon yana waya, bai ko dube ni ba, ya miƙo hannu ya kife takardun, ya ɗora sitefila a kai. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Na san tawa ma haka zai kife ta in wani ya leƙa.

Farashinsu a 2025, a ranakun da ba cunkoso: taifin naira ɗari uku shafi, bugawa ɗari, mai launi ɗari uku, fotokwafi hamsin, bayindin ɗari biyar. Suna karɓar taransifa, amma canji kullum babu. Ba su fi maƙwabtansu araha ba, injinsu kuma ba ta fi ta kowa ba. Mai son fotokwafin katin zaɓe ko takardar haihuwa, ya shiga duk shagon da ya tarar ba layi. Amma magatakardan ƙungiya, ko shugaban iyayen yara, ko matasan unguwa da kwari ke cin gidajensu, masu takardar da suke so ta shiga kasafi, su nemi wannan mutumin, su je da safe, tsakanin Yuni da Agusta, da tabaransu, kuma su ƙirga sifilai da yatsa kafin su ce a buga.

Kwafina masu hatimi guda huɗu suna cikin akwatin ƙarfe tare da takardun fanshona. Rafin ya ƙafe, yara na ƙwallo a cikinsa. Da zan fito makon jiya mai shagon ya ɗago daga ƙarshe, ya ce in an sa hannu in dawo mu danna maɓallan nan biyu mu gani, ba sai na biya ba in babu abin bugawa. Na ce Alhaji, akwai dai canjina naira ɗari da hamsin tun na Agusta. Ya ce a rubuta a kasafin baɗi.